Ina rera waƙa a majami'a, amma zuciyata a bushe take

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Sabon Garin Zariya, shekarata 34, da aure da 'ya'ya uku. Albashina bai kai mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanka ba, shi ɗin ma sai wata ya yi nisa ake biya. Maigidana mai walda ne, ga rashin wuta, ga tsadar man janareta, aiki ya ja baya. Ina cikin mawaƙa, ina cikin Zumuntar Mata, ba na fashin sujada. Bara wata ƙawata ta kai ni wurin wani mai wa'azi da ya ce in na shuka iri mai tsoka, wato in na ba da kuɗi masu yawa, ƙofata za ta buɗe cikin kwana 21. Na ci bashi a manhajar waya na shuka. Na ƙara cin wani na yi ankon bikin ƙanwar mijina da zanen taron zumunta. Yanzu bashin ya haura Naira dubu 90, suna kirana dare da rana, maigidana kuma bai sani ba. Ga shi jarrabawar fita sakandare ta matso, a makaranta an ce duk malamin da ya "taimaka wa yara" a ɗakin jarrabawa zai samu rabonsa daga kuɗin da iyaye suka tara, kuma rabon zai kusan biya mini bashin. Kullum ana mana wa'azi mu gamsu da Allah, shi kaɗai ya isa. Mama, ni ban gamsu ba. Ina tsayawa gaban jama'a ina waƙa, zuciyata kuwa a bushe. In na buɗe WhatsApp na ga waɗanda muka yi makaranta tare, waɗanda ko ƙofar majami'a ba sa takawa, sai in ji kamar wauta na yi da na riƙe gaskiya. Barci ma ya ƙaurace mini. Bangaskiyata ce ta mutu? Me zan yi?

'Yarki a Sabon Gari

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke da gidanki. Bangaskiyarki ba ta mutu ba. Wadda tata ta mutu ba za ta zauna ta rubuto wannan wasiƙa ba. Rabonta za ta karɓa a ɗakin jarrabawa ta soke a lalita, ranar Lahadi ta ɗaura zane ta fito gaba ta ba da shaida cewa Allah ya buɗe mata ƙofa, jama'a su tafa. Ke kuwa abin ya hana ki barci. Gajiya ce ta same ki, da bashi, da wani wa'azi da aka sayar miki wanda ba na Yesu ba ne.

Yau da dare, bayan yara sun kwanta, ki buɗe Zabura 73 ki karanta ta a bayyane, kunnenki yana ji. Ta Asaf ce, Asaf kuwa shugaban mawaƙa ne tun zamanin Sarki Dawuda, wato aikinku ɗaya a gidan Allah. Mutumin da ke tsayawa gaban jama'a yana ja musu baiti shi ne ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame, don ya ga masu girmankai suna cikin daula, jikinsu sumul, wahalar da ke cin sauran mutane ko kusa da su ba ta zuwa. Har ya kai ga cewa ashe a banza ya tsare zuciyarsa, a banza ya wanke hannunsa. Abin da kika rubuto mini ke nan, sai dai shi ba shi da WhatsApp. Allah bai sa an kankare wannan magana daga Littafinsa ba. Ya bar ta cikin waƙoƙin da jama'arsa ke rerawa a sujada.

Sai ki kula da inda zaburar ta juya. Asaf ya ce abin ya yi ta cinsa har ran da ya shiga wuri mai tsarki na Allah. Daga nan harshensa ya sauya, ya ƙare da cewa ko jikinsa da zuciyarsa sun gaza, Allah ne ƙarfin zuciyarsa, shi ne kuma rabonsa har abada. Ki bi ayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba za ki ga inda aka kawo masa buhun hatsi ba. Aljihunsa yadda yake haka yake. Abin da ya yi shi ne ya kwashi ɓacin ransa gaba ɗaya, har da hassadar, ya kai gaban Allah yadda suke. Yawancinmu akasin haka aka koya mana: ki share hawaye, ki gyara murya, ki fara da "Uba, mun gode maka", alhali ranki a dagule. Addu'ar da ba ta faɗin abin da ke cikin ciki dole ta bushe. Ki gaya masa kin gaji. Ki gaya masa kina jin haushin yadda abubuwa suka tafi, har da haushinsa in akwai. Ya riga ya sani, ke ce kike bukatar ki daina wasan ɓuya da shi.

Ina kuma da ƙorafi kan yadda ake wa'azin nan na "ku gamsu da Allah". Gaskiya ne, amma sau da yawa wanda cikinsa ya cika ne ke faɗa wa wanda bai karya ba, ya sauko daga bagadi ya shiga motarsa. Yakubu ya yi maganin irin wannan a sura ta 2 ta wasiƙarsa: in ɗan'uwa ba shi da sutura, ba shi da abincin yini, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, me ka yi ke nan? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san inda mudun masara da kuɗin mota daga Sabon Gari zuwa Samaru suka kai. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira dubu 70 a 2024, amma malaman makarantun kuɗi da yawa labarinsa kawai suka ji. Kada ki bari kowa ya sa ki ji kunyar cewa kuɗi ba sa isarki.

To mece ce gamsuwar? Bulus ne ya fi kowa bayyana ta, a Filibiyawa 4, kuma yana ɗaure ya rubuta. Bai ce an haife shi da wadar zuci ba, bai ce ta sauko masa a wani kwanan addu'a ba. Ya ce koyonta ya yi: zama da ƙoshi da zama da yunwa, da yalwa da rashi. A nan ne aya ta 13 ta zo, wadda ake liƙawa a gilashin mota da ƙofar shago, cewa zai iya komai ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Mutane na karanta ta kamar alkawarin cin riba, alhali mutumin yana maganar iya kwana da yunwa ne ba tare da ya saki Almasihu ba. Ke malama ce, kin san yaro ba ya iya karatu ranar da aka sa shi makaranta. Yau ya gane, gobe ya manta, jibi a sake. Haka wadar zuci take, kuma ajin da ake koyonta shi ne wannan da kike ciki: bashin nan, ankon nan, ɗakin jarrabawar nan. Kada ki jira sai kin ji gamsuwa a ranki kafin ki fuskance su. Cikin fuskantarsu ne za ki gane cewa Allah ya isa.

Kada kuma ki ɗauka wadar zuci naɗe hannu ce. Bulus ɗin nan, a garin Filibi ɗin nan, da aka yi masa bulala aka kulle shi ba shari'a, washegari aka aiko a sallame shi a ɓoye, ƙi ya yi. Ya ce mahukuntan su zo da kansu su fitar da shi, tunda ɗan ƙasar Roma ne, suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikaci da aka danne kuka yake yi, kuma kukan yana kaiwa kunnen Ubangiji. Ku haɗu ku malamai, ba ke kaɗai ba, ku rubuta takarda cikin ladabi ku nemi a tsayar da ranar biya. Ki sa kunne ga wasu makarantu. Yaran unguwa uku ko huɗu da za ki yi wa lesin da yamma za su iya rage miki nauyin cefane.

Yanzu maganar irin da kika shuka. Zan faɗa miki ba ƙumbiya-ƙumbiya: cutarki aka yi. Wanda ya yanka wa albarkar Allah farashi, har ya sa mata wa'adi, ciniki yake yi, kuma Littafi ya san irinsa. A Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi iko, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tunda ya zaci baiwar Allah abar saye ce. A zamaninmu an juya lamarin, mai wa'azin ke talla, talaka ke saye. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa bayarwa abar karɓa ce gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Kuɗin manhaja kuwa ba naki ba ne. Na san za a kawo miki labarin gwauruwar da ta jefa anini biyu a Markus 12. Ki karanta ayar da ta zo kafin labarin, za ki tarar Yesu yana jan kunne ne game da malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Kuma anininta ta jefa, ba na aro ba.

Mu mutanen Zariya bai kamata a yi mana wannan dabara ba, don tarihin bangaskiyarmu yana nan kusa, a Wusasa. Waɗanda suka fara karɓar bishara a ƙasar Zazzau zamanin Likita Miller, Baturen mishan, ba su ga wani buɗi ba. Waɗanda suka taru suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, ciwon barci ne ya bi su ya kashe da yawa har ƙauyen ya watse, ragowar suka dawo cikin birni, daga baya aka koma Wusasa a 1929. Iri ne ba su shuka ba? Majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa, ginin maginan Hausa, tana nan tsaye, kina iya shiga keke ki je ki dafa bangonta. A zamaninsu aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga wannan 'yar jama'a aka samu Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Ban kawo sunayensu don in ce miki ki yi haƙuri 'ya'yanki za su zama manya ba, wannan ma wani cinikin ne. Waɗanda aka binne a Gimi ba su ga ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba, kuma ba su yi asara ba, don Almasihu suka nema, shi suka samu.

Kuɗin sun tafi, kada ki bi su da zuciya. Kada ki koma wurin, ko an ce miki irin ne bai yi tsoka ba sai an ƙara, don amsarsu ke nan kullum. Ki ci gaba da baikonki a ikkilisiyarku daga abin da ke hannunki, ko Naira 100 ce, ba tare da kin tsaya jiran canji daga sama ba.

Bashi kuwa, abu na farko ki gaya wa maigidanki, cikin makon nan. Na san shi ne abin da ya fi ba ki tsoro a duk wasiƙar. Amma wasu masu manhajar nan in biya ya yi jinkiri sukan bi lambobin da ke cikin waya su aika wa dangi da abokan aiki saƙon cin mutunci, wani lokaci har da hoto. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga wayar ƙanensa ko ta dattijon ikkilisiya. Kada ki tare shi a bakin ƙofa ya dawo daga shago idonsa ja da hasken walda. Ki bari ya yi wanka, ya ci abinci, yara sun yi barci. Ki zo da takarda a hannu: ga abin da na karɓa, ga ruwan da ya hau, ga inda kuɗin suka tafi, ga ranar biya. Ki nemi gafararsa kan ɓoyewar, ba tare da kin jingina laifin ga bikin ƙanwarsa ba, ko da akwai gaskiya a ciki. Wannan maganar ta wata rana ce. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. In kin san mai saurin hannu ne, kada ki yi maganar ku biyu, ki sa matar fasto ko wata uwa da yake jin nauyinta ta zauna.

Daga yau kada ki ci bashin wata manhaja don ki biya wata, ta nan ne ƙaramin bashi ke zama dutse. Ki fara da wanda ruwansa ya fi gudu. Ki rubuta musu cewa za ki biya kaza duk wata, ki ajiye shaidar kowane biya, ki kuma adana duk saƙon barazana, domin hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tun 2022 take bin kamfanonin da ke irin wannan tozarci, tana kuma karɓar ƙorafi. Bashin dai za ki biya, Kirista ba ya cin kuɗin mutane ya shafa wa idonsa toka. Sannan ki cire kunya ki je wurin shugabar zumuntarku. In akwai asusun taimako ko adashi, ki roƙa a ba ki kwasar farko ki kashe na manhaja, ki riƙa zubi a hankali ba ruwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, waɗanda kike jin kunyarsu ma da nasu. Ranar da kika gama, ki goge manhajar daga wayarki.

Maganar anko ba taki ce ke kaɗai ba, don haka bari in ɗan juya ga iyayen zumunta da ke karanta wannan shafi. Zanen zumunta abu ne mai kyau, in an jeru ana waƙa ba a gane mai shi da marar shi. Amma yanzu taron shekara da zanensa, bikin godiya da nasa, auren 'yar wance da nasa, jana'iza ma da nata, ga kuɗin ɗinki, ga ɗankwali. Ku dubi bencin baya ranar taro. Akwai macen da za ta shigo a makare da gangan, da zanen bara da ta goge da dutsen guga na gawayi, ta zauna kusa da ƙofa, da an tashi rawar baiko ta yi kamar tana lallashin yaro don kada ta fita a gan ta. Wata kuma ba za ta zo ba sam, a ce ta yi sanyi a ruhaniya. Yakubu ya tsawata wa ikkilisiyar da ke ba mai kyakkyawar riga wuri mai kyau ta bar matalauci a tsaye. Mu ba ma faɗa da baki, zane ke faɗa a madadinmu. Ke kuma 'yata, ki koyi cewa "bana ba zan iya ba", a fili, fuska a sake, ba dogon bayani. Za a yi surutu kwana biyu a manta. Za ki yi mamakin matan da za su same ki a gefe su ce sun ji daɗi da aka samu wadda ta fara faɗa.

Ɗakin jarrabawa kuwa, kada ki yi. A nan ba ni da "amma". Kin san yadda abin yake tafiya: a ja mai sa ido zuwa ofis a ajiye masa shinkafa da lemo mai sanyi, a tsayar da wani a bakin taga yana gadi, malama ta ɗauki alli ta cika allo da amsa, yara suna kwafa har da kuskurenta, da an ji ƙarar mota a goge allo da gefen mayafi. Hannun da zai riƙe allin naki ne. In ta fashe, wanda ya tara kuɗin zai ce bai san zance ba. Tun 1999 akwai dokar tarayya da ta tanadi ɗauri ga malamin da aka kama da wannan, WAEC da NECO kuma suna riƙe sakamakon ɗalibai, suna soke shi, suna hana makaranta zama cibiyar jarrabawa. In ma ba ta fashe ba, kin shiga hannu. Baɗi ba tambayarki za a yi ba, sanar da ke za a yi, don an san farashinki.

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne yaran. Cikinsu akwai waɗanda ke zaune a majami'a ranar Lahadi suna kallonki kina waƙa. Darasin da za su ɗauka daga allon nan zai fi duk wanda kika taɓa koya musu zama a kai, cewa gaskiya ta ranar Lahadi ce, Litinin kuwa kowa ya yi ta kansa. Kuma yarinyar da aka rubuta wa amsar kimiyya yau, gobe ita ce za ta riƙe allura a kan ɗanki.

Ki ƙi da wuri, tun kafin a raba aiki, a keɓe, ba a gaban taron malamai ba, ba kuma da wa'azi ba. Ki ce ke ba za ki iya wannan ba, amma a shirye kike ki ƙara wa yaran bita da yamma da ranar Asabar, a bi tambayoyin shekarun baya, a cire ki daga aikin ranar jarrabawa. Ba zan ruɗe ki ba, mai yiwuwa a canja miki fuska, mai yiwuwa ma a sallame ki a ƙarshen zango. Shi ya sa nake so maigidanki da fastonku su san da maganar tun yanzu, don in ta kai ga haka ikkilisiya ta san nauyin da ke kanta, ta taya ki neman wani wuri. Habakuk ya rufe littafinsa da cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, shi zai yi murna da Allah mai cetonsa. Gamsuwar da kike tambaya ke nan, kuma mutum ba ya sanin yana da ita sai ya zo irin wannan mararraba ya zaɓa.

Ƙawayenki na WhatsApp ba zan ce miki mugaye ne ba, ko a ɓoye kuka suke yi. Wasu halalinsu suke ci, kuma lafiya lau suke. Da Bitrus ya ji irin mutuwar da ke jiransa, ya waiga ya ga Yahaya ya tambaya, wannan fa? Yesu ya ce masa ina ruwansa, shi dai ya bi shi. Ki daina leƙa hotunan waɗanda kika san suna tayar miki da hankali, wayar kuma ta riƙa kwana nesa da shimfiɗarki.

Rashin barcin nan ban raina shi ba. Annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da yi masa wa'azi ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci, sai daga baya aka yi magana. Ki dubi makonki: aji tun safe, girki, wanki, koyon waƙa, zumunta, addu'ar tsakiyar mako, kwanan addu'a, sujada. Ki ajiye ɗaya ko biyu na 'yan watanni, ki gaya wa shugabanni dalili. In kuma rashin barcin ya haura mako biyu, abinci ya fita ranki, kina kuka ba dalili, ki je asibiti a duba ki, a auna jininki. In tunanin gara mutuwa ya fara zuwa miki, kada ki jira ko kwana ɗaya, ki gaya wa wani ya raka ki. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana da likitocin da wannan ne aikinsu. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, ana shan magani ana addu'a.

Waƙa dai kada ki bari don kina jin kamar munafunci kike yi. Munafuki ba ya damuwa da bambancin bakinsa da zuciyarsa. Sai dai ki samu mutum ɗaya, uwa ko 'yar'uwa mai riƙe sirri, da za ta san ainihin halin da kike ciki, ku riƙa addu'a tare. A gida kuma, in kun taru addu'ar dare, ki sa kowane yaro ya ambaci abu ɗaya takamaimai da aka samu a yinin, ko da wuta ce aka kawo babansu ya gama ƙofar wani, ke ma ki faɗi naki. Addu'ar da Yesu ya koya mana abincin yini ta roƙa, kuma babu laifi ku ƙara da roƙon a buɗe wa maigida aiki.

Bashin zai ɗauki watanni, bushewar zuciyar wataƙila ta fi haka. Ki fara da maganar maigidan, don sauran duk a kanta suka rataya: da shi za ku je wurin fasto kan batun makaranta, da shi za ku tsara biya. In kun yi, ki sake rubuto mini in ji yadda ya karɓa, da abin da shugabar zumunta ta ce game da adashin. Ki gaishe shi, ki shafa mini kan yara.

Mama